Littafin aiki: ƙirga 'yan guguwar maganaɗisu a kan niyobiyom

Litinin, 15 Janairu 2024

Da safiyar yau Farfesa ta miƙa mini mabuɗin ɗakin ƙasa, ta ce daga yanzu na'urar tana hannuna. Rabon da a sanyaya ta shekara biyu ke nan, tun da ɗalibin da ya haɗa ta ya kammala ya tafi. Ya bar littafin aikinsa da Jamusanci. Ni da Hausa zan ajiye nawa, domin da ita nake tunani idan abu ya cakuɗe mini, kuma ina so ƙannena da ke karatun fiziks a gida su iya bi.

Sunanta maikiroskof, amma babu gilashi ko haske a cikinta. Idonta ɗan zobe ne na ƙarfen niyobiyom mai faɗin maikiromita 6 (maikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita), sai an jera kamar goma kafin su kai kaurin gashin kai guda. Zoben yana haɗe da SQUID, na'urar da da wuya a sami kamarta wajen jin maganaɗisu mai rauni. Ana jan zoben a kan abin da ake son dubawa, layi bayan layi, kamar mai laluben allura a kan tabarma. Kwamfuta tana rubuta abin da ya ji a kowane wuri, a ƙarshe hoto ya fito.

Ga aikin da aka ba ni. Idan aka sanyaya niyobiyom ƙasa da kelbin 9.2 (kelbin awon zafi ne da ke farawa daga iyakar sanyi), lantarki yana bin sa ba tare da wata turjiya ba, kuma yana korar maganaɗisu daga jikinsa. Sai dai korar ba ta cika zama cikakkiya ba. Wani ɓangare yakan maƙale a ciki, ya dunƙule ya zama 'yan ƙananan guguwa: zaren maganaɗisu a tsakiya, lantarki yana kewaya shi. Abrikosov ne ya fara bayyana su a lissafi a 1957. Masu ƙera kwamfutar kwantum da masu ƙera SQUID ɗin kansa suna shan wahalarsu, don guguwa ɗaya da ta zauna inda bai kamata ba tana motsi, tana cin kuzari, tana ƙara hayaniya. An san cewa siririn layi ya fi iya korarsu. Stan da Field da Martinis sun nuna haka a Amurka a 2004 da layukan niyobiyom, wasu kuma a Jami'ar Twente ta Holan suka gwada da wani sinadari daban a 2008. Mu muna so mu san inda iyakar take ga niyobiyom ɗin da ɗakin tsabtarmu ke shimfiɗawa. An yanka mini layuka masu faɗin maikiromita 10, 20 da 40, da fili guda mai faɗi na gwaji.

Alhamis, 18 Janairu

Kwana uku ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da mita. Biyu sun katse a wuyan sandar da ke sauke na'urar cikin sanyi, inda sanyi da ɗumi ke haɗuwa. Na sake haɗa su da dalma. Tukunyar ciki tana yoyon iska, injiniyanmu ya nuna mini yadda ake naɗa sabuwar wayar indiyom a bakinta, a ɗaure kusoshin kishiya da kishiya. Yoyon ya tsaya.

Laraba, 24 Janairu

Sanyayawa ta farko, kuma na yi kuskure. Ƙa'ida ita ce a fara da ruwan naitirojin, ya kai tulun da na'urar ke ciki kelbin 77, a fitar da shi ƙaf, sannan a zuba ruwan hiliyom mai kelbin 4.2. Na ɗauka na fitar da shi duka, ashe akwai saura a gindi. Naitirojin yana daskarewa a kelbin 63, kuma sanyaya ƙanƙararsa da hiliyom kamar cika rijiya ne da cokali. Na ga allurar iskar da ke komawa ma'ajiya tana ta gudu, ma'aunin zurfi kuwa bai motsa ba. Injiniya ya shigo, ya saurari ƙarar bututun, ya ce in tsaya. Mun yi asarar wajen lita 20.

Abin ya dame ni sosai, don hiliyom ba abin wasa ba ne a nan. Zafin wat ɗaya tak yana ƙafar da kusan lita 1.4 a awa guda, kuma kowace lita ta ruwa tana zama fiye da lita 700 ta iska. Daga ƙasashe ƙalilan yake zuwa, Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, shi ya sa kowane ɗaki a ginin nan yake da bututun mayar da iskar a sake mayar da ita ruwa. Farfesa ba ta yi faɗa ba. Ta ce daga yau in riƙa sa ma'aunin zafi a gindin tulun, kada in fara zuba sai ya haura kelbin 77, shaidar babu ruwan da ya rage.

Alhamis, 1 Fabrairu

SQUID yana da rai, alhamdu lillahi.

Na tura masa ɗan lantarki, na fara ƙara maganaɗisu a hankali ta ƙaramin naɗin da ke jikinsa, sai layin da ke kan osiloskof ya fara hawa da sauka, hawa da sauka, tazara iri ɗaya kamar kunyoyin gona. Na daɗe ina kallo. Na sha ganin wannan zane a littafi, amma wannan daga cikin tulun da ke gabana yake fitowa.

Bari in rubuta abin da ke faruwa, don duk sauran aikin a kansa yake. SQUID zobe ne mara turjiya da aka datse a wuri biyu da shinge siriri ƙwarai. Brian Josephson, yana ɗalibi a Kambirij a 1962, ya lissafa cewa lantarki zai iya ratsa irin wannan shinge ba tare da asara ba. Bayan shekara biyu wasu masu bincike huɗu a ɗakin gwajin kamfanin Ford suka haɗa shinge biyu a zobe ɗaya, SQUID na farko ke nan. Adadin maganaɗisun da ke ratsa zobe shi muke kira kwarara. Duk lokacin da kwararar ta ƙaru da wani ƙayyadadden awo, boltej ɗin SQUID yana yin zagaye ɗaya cif ya dawo inda ya fara. Wannan awo ana rubuta shi Φ0, ƙimarsa 2.07×10⁻¹⁵ weba. Ba wanda ya zaɓe shi, daga lambar Planck da cajin ilektiron biyu yake fitowa. Kuma kowace guguwa a cikin niyobiyom Φ0 ɗaya take ɗauke da shi, ba ƙari ba ragi. A littafin nan zan riƙa ce masa mudu.

Ga zobenmu, mudu ɗaya daidai yake da maikirotesla 73. Maganaɗisun duniya a nan Jamus wajen 49 ne. Na'urar kuwa tana iya rarrabe 'yan kaso kaɗan cikin miliyan na mudu. Jinta ke nan, kuma matsalarta ke nan: komai take ji.

Talata, 6 Fabrairu

Komai ɗin kuwa ta ji. Da na rufe da'irar da ke riƙe SQUID a wuri ɗaya, ba ta minti biyu sai ta suɓuce. Na duba hayaniyar bisa saurin kaɗawarta. Ga tsauni a 50 has, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, wannan na wutar gini ne, na san da shi. Ga wani kuma a 16.7 wanda ban gane ba. Na kashe famfo, na kashe fitilu, na cire firij ɗin maƙwabta daga soket da izininsu, yana nan. Ruwa ba ya tsami banza. Da na nuna wa injiniya, kallo ɗaya ya yi ya ce jirgin ƙasa ne. Layin dogo na Jamus yana da wutarsa daban mai 16.7, haka ma Ostiriya da Suwizalan, kuma layin bai yi nisa da gininmu ba.

Na 50 ɗin ta bututun ƙarfe na famfo yake shigowa, ya haɗa tulun da ƙasar soket ta wata hanya ta biyu. Mun sa zoben roba a tsakani, ya faɗi warwas. Na jirgin kuma garkuwa yake so. Na tarar murfin garkuwar waje, ta miyu-metal, ƙarfen da ke tare maganaɗisu, yana jingine a bayan kabad. Mun mayar da shi, muka naɗa waya muka goge tsohon maganaɗisun da garkuwar ta riƙe, ta hanyar tura mata lantarki mai juyawa ana rage shi sannu a hankali har ya mutu.

Saura tsalle-tsallen da ba su da ƙa'ida, waɗanda ke yin shiru bayan ƙarfe ɗayan dare. Na taragon cikin gari ne, duk lokacin da ya tashi daga tasha. Da murfi a rufe sun ragu har da'irar tana kwana ba ta suɓuce ba.

Laraba, 14 Fabrairu

Saukar da zoben kan samfur shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ba a gani, yana cikin duhu a gindin tulu. Gutsuren da SQUID ke kai an manne shi a kan siririn falle na tagulla, idan kusurwarsa ta taɓa samfur fallen ya ɗan lanƙwasa, kafasitans ɗinsa, wato yawan cajin da yake iya riƙewa, ya canja kaɗan. Da wannan kaɗai ake sanin an iso. Ana miƙa fiyezo, sinadarin da ke ɗan miƙewa idan an sa masa boltej, a ga ko za a taɓa, in ba a taɓa ba a janye, a matso da injin taki ɗaya, a sake. Awa shida na yi a haka. An taɓa da ƙarfe 7 da minti 40 na yamma. Ban yi hoto ba, na janye na tafi gida.

Juma'a, 16 Fabrairu

Gani ya kori ji. Bayan na dawo daga masallaci na ɗumama samfurin zuwa kelbin 11, na bar shi ya huce, na sauko, na fara ja a kan filin gwaji. Layi na talatin da wani abu sai wani tabo mai haske ya fara fitowa daga gefe. Kafin hoton ya cika sun zama tara, kowanne da'ira, kowanne girmansa da haskensa daidai da na ɗan'uwansa. Wannan kamannin shi ne ya fi taɓa ni. A hoton ƙura ko tsatsa ba za ka sami biyu iri ɗaya ba. Waɗannan kuwa ba su da ikon bambanta.

Na kira Farfesa ta sauko. Ta duba, ta taya ni murna, sannan ta tambaye ni tsayin tabon. Kashi 10 cikin 100 na mudu. Ta ce to, nawa ne nisanka daga samfur? Na zauna na lissafa. Daga sama, maganaɗisun guguwa yana bazuwa ta kowane gefe kamar ruwan da ke fita daga bakin shawa, zobe yana kama abin da ya faɗo cikinsa kawai. Ga zobe irin namu, idan nisan maikiromita 1.5 ne zai kama kashi 55, idan 3 ne kashi 29, idan 6 ne kashi 10 da ɗoriya, idan 10 ne kashi 4. Ke nan ina shawagi a maikiromita 6, daidai da faɗin zoben kansa. Da wannan nisa guguwa biyu da ke kusa da juna a cikin siririn layi za su narke su zama tabo ɗaya.

Darasin yau a wurina: jin na'urar ya wadatar tun tuni, kusanci ne ba mu da shi.

Akwai kuma tambaya ta biyu. Ban kunna naɗin maganaɗisu ba, daga ina tara ɗin suka zo? Akwai saura a cikin garkuwa.

Alhamis, 29 Fabrairu

Mako biyu ina abu ɗaya: in sa lantarki a babban naɗin, in ɗumama, in sanyaya, in ɗauki hoto, in ƙirga. Idan na juya lantarkin tabon suna komawa baƙaƙe, wato guguwar ta juya kai. A tsakanin fari da baƙi akwai wurin da fili ke fitowa fes, nan ne naɗin ya soke saurar. Ta haka na auna ta, maikirotesla 0.6.

Amma lissafin ƙirgar ya ƙi. Tunda kowace guguwa mudu ɗaya ce, yawansu a fili dole ya zama ƙarfin maganaɗisu sau faɗin filin, a raba da mudu. Littafin wanda ya gabace ni ya ce hoton maikiromita 150 ne kowane gefe. Idan haka ne, kowace maikirotesla ɗaya ta ƙara guguwa 11. Ni 15 nake samu, sau bayan sau. Na zargi naɗin, na fito da shi na auna da wani ma'auni, lafiyarsa ƙalau. Na zargi idona, na ba wata abokiyar aiki hotunan ta ƙirga ba tare da na gaya mata abin da nake nema ba, ita ma 15.

Abu uku ne a lissafin: maganaɗisu, fili, mudu. Na farko na tabbatar da shi. Na uku ba ya canjawa ko a nan ko a wata duniya. Saura fili. Na juya lissafin, ya ba ni maikiromita 176. Yau na matsa zuwa inda layukan suke, waɗanda na san tazararsu daga zanen da aka yanka su da shi, na auna: tsakanin 174 da 178. Tsohuwar lambar ce ba daidai ba, wataƙila an canja wani fiyezo bayan an rubuta ta. Da na amince da ita, duk wani nisa da zan wallafa da ya kauce da wajen kashi 15 cikin 100, kuma hotunan da sun yi kyau yadda ba wanda zai yi zargi.

Na kira Baba da daddare na ba shi labari iya yadda zan iya. Ya saurara, ya ce, "To ai kai ka ji daɗi, yaro. Mu a kasuwa mudun ne ake bugawa a gindi, kai naka ba mai iya taɓa shi." Da ya ji sunan ƙarfen sai ya tambaya ko shi ne na kwalambait. Na ce shi ne, Baba. Ya yi shiru, sannan ya tuna mini cewa Kaka ya yi shekaru yana wankin kuza a Bukuru, kuma baƙin yashin nan da farko zubar da shi ake yi tare da tarkace, sai a shekarun 1950 da Amurka ta shiga saye aka koma ana tone tsofaffin juji. A wancan lokaci Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Yau mafi yawan niyobiyom daga Birazil yake zuwa. Kaka bai taɓa ganin ƙarfen da ke cikin yashin ba, ni kuma ban taɓa ganin yashin a hannunsa ba.

Laraba, 13 Maris, 3 ga Ramadan

An ɗumama na'urar, komai yana kan tebur. Abu biyu.

Na bi duk abin da ke kusa da samfur da ɗan maganaɗisu a hannu. Wani soket mai ruwan zinariya ya manne. A ƙarƙashin zinariyar akwai nikel, shi ne mai saurar nan. Na cire shi, na haɗa wayoyin kai tsaye.

Na biyu, kusanci. Gutsuren yana zaune a karkace, kusurwarsa ce ke taɓa samfur, zoben kuma yana ɗan baya. Na auna a ƙarƙashin madubi: maikiromita 40 daga kusurwa, karkata digiri 8. Lissafi ya ba da 5.6, ya yi daidai da abin da guguwar ta faɗa mini. Maganin shi ne a goge kusurwar a matso da ita kusa da zoben, a kuma kwantar da karkatar. Da hannu ake yi, a kan takardar gugar lu'ulu'u, shafa biyu a duba, shafa biyu a duba. Shafa ɗaya ta wuce kima, zoben ya tafi, kuma uku kawai suka rage mana a akwati. Na zaɓi in yi bayan sahur, lokacin da hannuna ya fi natsuwa kuma babu kowa a ginin. Na tsaya a 28. Zuciyata ta so in ƙara, ban ƙara ba.

Laraba, 27 Maris

Tsayin tabo ya koma kashi 29. Nisa maikiromita 3, rabin na da. Saura a cikin garkuwa ta sauka ƙasa da 0.1.

Na fara ainihin aikin da layin 40. A maikirotesla 1 filin gwaji yana da guguwarsa daidai ƙirga, layin kuwa babu ko ɗaya. A 2 haka. A 2.5 haka, sau uku. A 3 sai ga su, huɗu a tsawon hoton, a jere a tsakiyar layin kamar an ja musu igiya. Dalilin jeruwar yana da daɗin fahimta: gefen layi yana jan guguwa waje, lantarkin da ke kare layin kuma yana tura ta ciki, tsakiya ce kawai wurin da za ta iya zama. Idan maganaɗisun ya yi rauni, ko tsakiyar ba ta riƙe ta, sai ta fice tun samfurin yana dab da kelbin 9, lokacin da guguwa ke iya yawo. Da ya ƙara sanyi kowa ya daskare inda yake, hoton da nake ɗauka a 4.2 tarihin wancan ɗan lokaci ne.

Awon da ake kwatantawa da shi shi ne mudu a raba da faɗin layi sau kansa, wanda ga layin 40 ya ba da maikirotesla 1.3. Mutanen Twente sun sami iyakarsu a ninki 1.65 na wannan, wato da 2.1 ke nan a wurinmu. Tawa tana tsakanin 2.5 da 3, ta ɗan fi. Ba zan ce komai a kai ba tukuna. Layi ɗaya ne, kuma ban gwada saurin sanyayawa ba.

Juma'a, 12 Afrilu

An yi salla shekaranjiya. Hiliyom bai iso ba, injin ginin da ke mayar da iskar ruwa yana gyara, an ce sai ƙarshen wata. Na'urar ta ɗumama.

Na koma karatu. Na sake bin aikin Tsuei da Kirtley na 1994 a IBM, wanda a ganina har yau shi ne mafi kyawun abin da aka yi da irin wannan na'ura. Ana ta gardama a kan yanayin haɗuwar ilektiron a cikin sababbin sinadaran da ke rasa turjiya a sama da kelbin 77. Suka yi zobe a kan mahaɗar lu'ulu'u uku da aka jera a kusurwoyin da suka zaɓa, yadda idan ɗaya daga ra'ayoyin ne daidai, zoben zai haifar da rabin mudu da kansa. Suka sa wasu zobba a gefe don kwatanci. Hoton ya nuna rabin mudu a zoben tsakiya kaɗai. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne yadda suka sa ma'aunin a cikin hoton kansa.

Na kuma duba na ƙungiyar Zeldov a Cibiyar Weizmann, waɗanda suke ƙera SQUID a kan tsinin bututun gilashi da aka ja, har suka sauka ƙasa da nanomita 50 a 2013. Namu ya fi nasu faɗi fiye da sau ɗari. Ga tambayar da ke gabana ba na bukatar irin nasu, guguwata suna da tazarar maikiromita da yawa. Amma na fahimci abin da ya kai su can, duk wanda ya goge kusurwa da hannu zai fahimta.

Asabar, 11 Mayu

Mun dawo sanyi tun ranar Litinin. Layin 20: babu komai a 6, babu a 9, babu a 10, a 12 ga su a jere. Idan dokar faɗi sau kansa ta riƙe, rabin faɗi yana nufin ninki huɗu, wato tsakanin 10 da 12. Ya faɗa ciki. Layuka biyu yanzu suna nuna lamba ɗaya, wajen ninki 2 zuwa 2.3. Na gwada sanyayawa a hankali da kuma da sauri a kan layin 40, iyakar ba ta motsa ba.

Jiya da dare ina tsakiyar hoto abokiyar aikina ta turo saƙo in fito waje. Sama ta yi ja da shunayya ta wajen arewa. Guguwar rana ce, mafi ƙarfi tun shekarar 2003, an ga hasken a faɗin Jamus. Ban taɓa gani ba. A gida muna kusa da inda maganaɗisun duniya ke kwanciya, allurarsa kusan a kwance take, ƙarfinsa bai kai maikirotesla 35 ba, a nan kuwa tana nutsewa da fiye da digiri 60. Na tsaya minti ashirin ina tasbihi, sannan na tuna da hotona na sauka da gudu. Ma'aunin da ke wajen garkuwa yana ta kai da kawo da ɗaruruwan nanotesla. A ciki, layin SQUID bai nuna komai ba, hoton ya kammala lafiya. Duk da haka na sa wa sanyayawar daren jiya alama, zan maimaita ta ranar da sama ta lafa, kada in dogara da ita.

Talata, 14 Mayu

Na maimaita sanyayawar daren Juma'a, sakamako ɗaya.

Layin 10 ya tsaya mini. Bisa layuka biyun farko, iyakarsa tana tsakanin maikirotesla 40 da 48. Da na kai 30, zanen hawa da saukar SQUID ya ragu ya karkace. Dalili a fili yake: shi ma niyobiyom ne, yana da faffaɗan sassa da ke rufe wayoyinsa, kuma hitar da ke ɗumama samfur tana ɗumama shi tare. Yana hucewa a cikin maganaɗisu mai ƙarfi sai ya kama nasa guguwar. Abin da nake aunawa a samfur shi ne ya kama ma'aunin.

Mun zauna da Farfesa da injiniya. Shawarar da muka tsaya a kai: a raba zafin biyun. Za a ɗaura wa gutsuren SQUID igiyar tagulla zuwa farantin kelbin 4.2, a ɗora samfurin a kan ɗan dandamali mai hitarsa da ba ya watsa zafi sosai, a riƙa janye zoben nesa kafin a ɗumama. Kuma da samfurin ya huce, sai a sauke maganaɗisun zuwa sifili kafin a sauko, tunda guguwar da ta daskare a 4.2 bai kamata ta motsa ba. Wannan na ƙarshe sai na tabbatar da shi da idona: zan sanyaya layin 20 a 12, in ɗauki hoto da maganaɗisu a kunne, in kashe, in sake ɗauka, in ɗora hotunan biyu a kan juna. Wannan gwajin ba ya bukatar a buɗe komai, gobe da safe zan yi shi da hiliyom ɗin da ya rage, wajen lita 30. Ranar Alhamis za mu ɗumama. Injiniya ya ce dandamalin zai ɗauke shi kwana huɗu, na ba shi zanen da yamma.